Kirsimeti A Gure: Makonni Huɗu Na Jira Kafin A Ɗora Tukunya

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana zama a Gure ya san cewa da zarar hazo ya sauko, sanyin hunturu ya fara fasa leɓe, to akwai wasu abokan ciniki da za su fara zagayen rumfunan atamfa suna taya yadi, wasu kuma su yi ta tambayar kuɗin zabo. Waɗannan su ne Kiristocin garin. Ba su da yawa, domin a ƙasar Nijar baki ɗaya ma ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, amma watan Disamba nasu ne, kuma gwamnati na ba da hutu ran 25 ga wata saboda bikin da mutanenmu suka fi kira Nowel, na Najeriya kuma su ce Kirsimeti.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, hidimar ba a ranar 25 take farawa ba. Tun daga Lahadi ta huɗu kafin ranar, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ake shiga lokacin da ake kira Adben. Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta zuwa, kuma ana nufin zaman jiran zuwan Almasihu. A wurin 'yan Katolika da wannan Lahadi sabuwar shekarar ibada ke kamawa. Fada yakan sa riga mai launin shunayya, alamar tuba da natsuwa, a kuma jera kyandir huɗu, kowace Lahadi a kunna ɗaya, ta yadda ko yaro ya duba ya san makonni nawa suka rage. Ana yawaita karatu daga littafin Annabi Ishaya da labarin Yahaya Mai Baftisma. Su kuwa majami'un bishara, waɗanda suka samo asali daga mishan ɗin SIM da ya sauka Damagaram a 1924, ba su cika damuwa da kyandir da launin riga ba. Nasu shirin ya fi karkata ga koyon waƙa da dare, da haddar ayoyi ga yara, da wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, inda za ka ga ɗan wani an naɗa masa rawani ya zama makiyayi, 'yar wata kuma an yafa mata mayafi ta zama Maryamu.

Da Hausa ake yawancin wannan hidima, ana haɗawa da Faransanci saboda ma'aikata. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, don haka harshen ya riga ya zauna a majami'a. Masu zuwa sujada a gari irin Gure, mai tazarar kilomita kamar 170 gabas da Damagaram a kan hanyar Diffa, galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da sojoji da aiki ya kawo, sai 'yan kasuwa daga Najeriya da Binin da Togo, da 'yan gida ƙalilan. 'Yan Katolikan yankin suna ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi da aka kafa a 2001.

To mu dawo kasuwa, inda ya fi shafar mai karatu. Ƙungiyar Zumuntar Mata ita ce ƙashin bayan kowace majami'a a ƙasar Hausa, kuma ita ce babbar mai saye a wannan wata. Matan kan fitar da anko, su yi karo-karo ko su kwashi adashi, su sayi turamen atamfa iri guda a lokaci guda. Mai rumfar da ta san da haka tun watan Nuwamba takan yi odar kayanta daga Damagaram ko Kano, ta sami cinikin da ba ta samu a wata biyu. Wadda ta makara kuwa sai dai ta ga ana wucewa da kaya daga tasha. Teloli su ma suna shan aiki, kuma a nan ne ake yawan samun saɓani, domin ɗinkin da aka ce a karɓa ran 23, in ya kai 26, ya tashi daga kayan biki. Ga masu kaji da zabi, da masu shinkafa da man gyaɗa da tumatirin gwangwani da albasa, kwana uku na ƙarshe su ne kasuwar.

Akwai kuma wani gefen da ya kamata a lura da shi. Da yawa daga cikin 'yan kudu masu sayar da kayan gyaran mota da babur sukan rufe shago tun tsakiyar wata su tafi gida, ba su dawowa sai Janairu. Wanda ke bin su bashi, ko suke bin sa, gara a zauna a yi lissafi kafin mota ta tashi. Shekarar 2023 ta koya wa kowa wannan darasi, lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A Kirsimetin wannan shekara shinkafa ta yi tsada, tafiya ta yi wuya, har sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Ba za a yi maganar Kiristocin Gure a tsallake watan Janairu na 2015 ba. Idan mai karatu bai manta ba, ran Juma'a 16 ga wata zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram, washegari ta kai Yamai. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya ce mutum 10 suka rasu a biranen biyu. An ƙona majami'u da dama, ɗaruruwan Kirista a Damagaram suka fake a barikin soja, kuma Gure ma ba ta tsira ba, domin an cinna wa majami'a da gidajen Kirista wuta. Fushin Musulmi kan zanen yana da dalili, amma mutanen da aka ƙona wa ɗaki ba su suka yi zanen ba, wasunsu ma ba su taɓa jin sunan jaridar ba. Makonni uku kacal kafin nan, waɗannan gidaje ne suka aika wa maƙwabta da abinci. Mai sayar da atamfa da ta ba wata bashi a Disamba, a Janairu ba ta san inda za ta same ta ba.

Tun daga nan, da ma saboda rikicin Boko Haram a jihar Diffa da ke maƙwabtaka, ba abin mamaki ba ne ka ga jami'an tsaro a ƙofar majami'a a daren 24 ga wata, lokacin da ake sujadar dare.

Batun ko Musulmi zai ce wa Kirista barka da Kirsimeti, malamai sun saɓa a kai, kowa kuma na bin wanda ya natsu da shi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne Alƙur'ani yana da sura sukutum mai sunan Maryam, wadda ta kawo labarin haihuwar Annabi Isa (AS) a gindin dabino, itacen da mutanen ƙasar Manga suka sani sarai a kwaruruwansu. Kiristoci da yawa kuma, saboda sanin halin maƙwabta, sukan kira mahauci Musulmi ya yanka masu kaza ko akuyar biki don kowa ya ci hankali kwance. Da hantsin ran 25, bayan an taso daga sujada, sai ka ga yara cikin sababbin kaya ɗauke da kwanonin shinkafa da miya suna shiga gida-gida. A al'adar garin ba a mayar da kwano haka nan, akan jefa ɗan dabino ko goro a ciki, sauran kuma sai Babbar Salla ta zo a rama da nama.