Yadda Likita Bell Ke Karanta Mutum Kafin Ya Buɗe Baki

A shekarar 1877 wani ɗalibin likitanci mai suna Arthur Conan Doyle ya haɗu da malaminsa Joseph Bell, likitan fiɗa a birnin Edinbara na Sukotlan. Shekara goma bayan haka Doyle ya fitar da labarin farko na Sherlock Holmes, jami'in binciken nan da duniya ta sani, kuma bai ɓoye ba cewa halin Bell ya ɗauka ya ɗora masa.

Doyle ya ba da labarin wani majinyaci da aka shigo da shi gaban ɗalibai cikin kayan gida. Bell ya dube shi, sai ya shiga jero masa tarihinsa: tsohon soja ne, bai daɗe da barin aiki ba, ya riƙe ƙaramin muƙami a wata rundunar 'yan Sukotlan, kuma ya yi zama a tsibirin Barbados. Mutumin ya amsa kowanne da e. Ɗalibai suka saki baki, sai Bell ya warware musu. Mutumin mai ladabi ne, amma bai cire hularsa ba. Soja ba ya cire hula, da ya daɗe a gida kuwa da ya koyi al'adar farar hula. Tsayuwarsa ta wanda ya saba ba da umarni ce. Cutar da ta kawo shi kuma tundurmi ce, wadda ba a kamuwa da ita a Birtaniya, ana samunta a tsibiran Karebiyan.

Mai son koyon wannan sai ya fara da raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta raya masa. Hula a kai, wannan gani ne. "Ba shi da tarbiyya", wannan hukunci ne, kuma a nan yawancinmu za mu tsaya, mu yi kuskure. Bell ya haɗa hular da ladabin mutumin, ya ga sun saɓa, saɓanin ne ya kai shi ga soja.

Sannan ido kaɗai ba ya isa. Wanda bai san inda tundurmi ke yaɗuwa ba, ko ya wuni yana kallon kumburin ba zai ambaci Barbados ba. Haka masu bin sawu a karkararmu suke: makiyayi na duban gefen sawun saniya ya san ko sabo ne ko iska ta fara share shi, ya taɓa kashinta ya ƙiyasta lokacin da ta wuce, saboda tun yana yaro yake ganin irinsa. Shi ya sa ya fi kyau mutum ya fara gwaji a fagen da ya sani. Tela ya fara da ɗinki, bakanike da ƙarar inji.

Akwai abin da masu sha'awar Holmes kan manta. Bell bai yanke hukunci ya yi shiru ba, kowane hasashe sai da ya ji ta bakin mai shi. A littafi marubuci ne ke shirya alamomin, don haka jarumi ba ya faɗuwa. A kasuwa ko tasha kuwa, laka a takalmi na iya nufin gona, na iya nufin kwata ce ta fashe a layin mai takalmin. Mai koyo ya kawo aƙalla bayani biyu ga kowace alama, sannan ya nemi alama ta gaba da za ta kore ɗaya daga ciki, ko kuma ya yi sallama ya tambaya.