Labulen Hoto a Bayan Kabu-kabu: "Ai Ba Shi da Nauyi" Ba Hujja Ba Ce

Tun da ɗaukar hoton biki ta fita daga shago ta koma ƙofar gida da filin makaranta da zauren taro, masu hoto a Gwandu da Kalgo suka tsiri wata ɗabi'a mai ban takaici. Sai ka ga yaro a bayan ɗan kabu-kabu ya rungume allon hoto da ya fi shi tsawo, ko an gitta masa ƙarafan kafa labule a cinya, kai ɗaya ya leƙa hannun motoci masu tahowa, ɗayan yana sharar ciyawar bakin titi. Abin ya fi ƙamari bayan kaka, lokacin da aure ke yawa, da ranakun Sallah, da sa'ad da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke hanyar Kalgo zuwa Bunza, ke shagalin gama karatu.

Labulen hoto kowa ya san shi: na yadi, na banar roba da ake buga sunan ango da amarya, da allon katako da ake liƙa wa furanni. Ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Ka tsayar da mai hoto ka yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Haba Alhaji, ai ba shi da nauyi, da hannu ɗaya ma ina ɗaga shi." Gaskiya ne, a tsakar gida. A kan titi kuwa ba nauyi ke kayar da babur ba, iska ce, kuma ita faɗin kaya take nema. Ɗauki allon katako irin wanda kafintoci ke saye, ƙafa 8 a tsaye, ƙafa 4 a kwance. Idan ya fuskanci iska sosai babur na gudun kilomita 30 a awa, turin da take yi masa ya kai kimanin kilo 15. A ninka gudun zuwa 60, turin ba ninki biyu zai yi ba, huɗu zai yi, wajen kilo 60. Ya ɗara buhun siminti ke nan, kuma a kan yatsun yaron da ko hannun dafa wani abu ba shi da shi.

Sai su ce ai a gicciye suke riƙe shi, da bakinsa yake yanka iska. Wace iskar? Ta gaba kaɗai suke lissafawa. Hanyar da ta taso daga Jega ta ratsa Kalgo zuwa Birnin Kebbi ba ta rabuwa da tireloli masu shinkafa da albasa da mai. Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san yadda tirela ke yi idan ta gifta: ta fara hankaɗa ka waje, kafin ka daidaita ta zuƙo ka ciki. Allon da ya karkace da taƙi ɗaya a wannan ƙiftawar ido ya tafi da mai riƙon da mai tuƙin. A hanyoyin ƙauyukan Gwandu, wajen Kambaza ko Dalijan, inda fili ya buɗe babu katanga, iskar hunturu da ta gaban hadari daga gefe suke bugowa, ba ruwansu da yadda ka riƙe.

Ƙarafan ma haka. Layi ɗaya na babban titi bai kai mita 4 ba, ga mutum ya gitta ƙarfe mai mita 3. Da rana ana hango shi a kauce. Amma yaushe ake tashi daga biki? Bayan isha'i, cikin gajiya, ƙarfen ba fitila ba alama. Wasu kuma don su rage faɗi sai su miƙar da shi sama, su shiga lungun da wayar lantarki ke reto kusa da kai. Innalillahi!

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba maigidan ke zama a wannan kujera ba. Shi yana gaba a kan nasa babur, kyamara a jaka, lafiya lau. Ɗan mutane da aka kawo koyon sana'a shi ake ɗora wa. Kai maigida, amana ce fa iyayensa suka ba ka, kuma za a tambaye ka. Kuɗin Keke Napep da kake ƙyashi bai kai kuɗin masu ɗori na Aliero ba, balle gadon asibiti. Na san mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, hanyoyi ma wasu sun lalace. Ba su suka ɗaure allon a bayan babur ba.

To me za a yi? Allon katako kada ya hau babur ko da ƙetare titi ne. A kwantar da shi a bayan a-kori-kura, a ɗaure gaba da baya, a sa tabarma tsakaninsa da ƙarfen mota. Mai son yin sabo ya ce wa kafinta ya raba shi gida biyu ko uku, ya sa patta yadda zai naɗu. Ƙarafa a kai wa mai walda ya yanka su guntu-guntu masu shiga cikin juna, kowane kada ya wuce mita ɗaya da rabi, a haɗa su a buhu guda tare da ƙusoshinsu. Duk abin da ya leƙo bayan mota a ɗaura masa jan ƙyalle.

Banar roba kuma a daina ninke ta. Layin ninki ba ya fita, yana tsaga fenti, kuma hasken kyamara sai ya fito da shi ƙarara daidai kan amarya. A sayi bututun ruwa na roba mai kauri, a nannaɗe ta a jikinsa, hoton na duban waje, a rufe da tsohon zane saboda ƙura. Kada a matse da waya ko igiyar roba, tana barin shaida. Ƙyalle mai faɗi ya fi. Kada a bar ta a rufin mota cikin ranar Afrilu, domin zafi na sa fenti ya manne da juna, haka idan an naɗe ta da laima. Na yadi shi ne mai sauƙin kai, ana ninkewa a sa a jaka, a isa da wuri a rataye, a yayyafa ruwa kaɗan ya miƙe. Mai aiki da babur kaɗai, wannan ne nasa.

An isa wurin ma ba a gama ba. Labule a tsaye a fili iskar nan dai yake tara, ga yara na zagaye shi. A tafi da buhunan da ba kowa ciki, a cika su da yashi a can, a danne ƙafafun ƙarfen. In akwai katanga a jingina da ita. Hadari ya taso, a sauke labule kafin a kwashe kujeru.

Masu biki kuma, lokacin ciniki ku tambayi mai hoto da me zai kawo kayan, ku ware kuɗin mota daban da kuɗin aiki, ku ba direba hannu da hannu.