Farfesan da Ya Kwana Yana Jiran Ruwa

A shekarar 1962 wani farfesa na jami'ar MIT ta Amurka, mai suna Ascher Shapiro, ya tanadi wani makeken daro, faɗinsa ƙafa 6, zurfinsa inci 6, da 'yar ƙaramar huda a tsakiyar gindinsa. Wata tsohuwar gardama yake son kashewa: wai in ruwa na zurarewa ta huda, a arewacin duniya yakan murɗa saɓanin tafiyar hannun agogo, a kudanci kuwa ya bi hannun agogo, duk saboda juyawar duniya.

Zancen yana da tushe. Tun 1835 wani Bafaranshe mai suna Coriolis ya fitar da lissafin da ke nuna cewa abin da ke tafiya a kan abu mai juyawa sai ya karkace. A doron ƙasa, na arewa yakan karkata dama, na kudu hagu. Shi ya sa manyan guguwar teku na arewa da na kudu ba sa juyawa gefe ɗaya. To amma su faɗinsu ɗaruruwan kilomita ne, kuma kwanaki suke yi suna haɗuwa. A cikin daro fa? Shapiro ya lissafa ya ga ƙarfin karkatarwar nan bai wuce kashi ɗaya cikin kusan miliyan 30 na ƙarfin da ke jan ruwan ƙasa ba. Hucin baki kaɗai ya isa ya danne shi.

Sai ya shiga dabara. Da gangan ya cika daron ruwan na murɗawa yadda hannun agogo ke tafiya, don kada a ce shi ya ba shi hanya. Ya lulluɓe shi da leda saboda iska, ya hana zafin ɗakin hawa da sauka. Sannan ya ƙyale shi har sa'a 24, domin ruwan da ido ke gani ya kwanta, a ciki bai gama motsi ba. Da lokaci ya cika ya ɗora ɗan tsinke a kai, ya buɗe hudar ta ƙasa ba tare da ya taɓa ruwan ba.

Minti goma suka wuce, tsinke ko gezau. Can wajen minti na 12 zuwa 15 sai ya fara juyawa a hankali, irin zagayen masu ɗawafi, saɓanin hannun agogo. Kafin daron ya ƙare a minti na 20, yana kewayawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 3 zuwa 4. Mujallar Nature ta buga sakamakon a wannan shekarar, wasiƙu kuma suka yi ta zuwa masa daga ƙasashe. A 1965 Lloyd Trefethen da abokan aikinsa suka maimaita gwajin a jami'ar Sidni ta Ostareliya, nasu ruwan ya bi hannun agogo.

Nan ne 'yan neman na abinci suka samu ƙofa. A Nanyuki ta Kenya, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa, akwai masu nuna wa baƙi wannan abu da roba da tsinken ashana. A yi taku kaɗan arewa, ruwa ya juya nan. A koma kudu, ya juya can. A miƙa kuɗi. Har tashar BBC ta nuna shi a 1992 cikin shirin tafiye-tafiyen Michael Palin. Abin dariyar shi ne, a kan layin nan ƙarfin Coriolis sifiri ne. Asirin yana ga yadda mai wasan ke zuba ruwan da gefen da ya juya jikinsa da robar a hannu. Ni dai ba na ganin laifin hikimarsa, amma ba kimiyya yake sayarwa ba.

Mu dawo gida. Birnin Gwari na wajen digiri 11 ne arewa da layin, Shapiro kuwa a digiri 42 ya yi nasa. Ƙarfin da ya kwana yana jira, a nan bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Murɗawar ruwa a kogin Mariga da damina, duwatsu da lanƙwasar gaɓa ne ke tsara ta. Masu wankin zinariya a dajin Birnin Gwari sun fi kowa sani: ruwan cikin daronsu gefen da hannu ya kaɗa shi yake bi. Ko guguwar rani da yara ke gudu ana cewa da aljanu a ciki, wata dama take juyawa, wata hagu, domin ta yi ƙanƙanta kuma ba ta daɗewa.

Saboda haka malaman kimiyya na makarantunmu, in za a kawo wa yara misalin juyawar duniya, a bar batun ruwan da ke zurarewa a bahon wanka. A kawo guguwar teku, ko kuwa a ba su labarin daron Shapiro har da sa'a 24 ɗinsa.