Yadda ake shuka lalle da kula da shi a gida

A yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna, an fi sanin manoma da rake da tumatir, amma akwai wata bishiya da ta daɗe tana tsaye a bayan ɗakunan mata, wato lalle.

Bishiyar, wadda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, takan kai tsawon mita 2 zuwa 6, kuma tana fitar da ƙananan furanni farare masu ƙamshi.

A watan Disamban shekarar 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya al'adar ƙunshi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana, bayan buƙatar da ƙasashen Larabawa 16 suka gabatar.

Lokacin shuka

Lalle na son rana da zafi, da kuma ƙasar jigawa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Don haka fadamar da rake ke jin daɗinta ba ta dace da shi ba, domin yawan laima na ruɓar da saiwarsa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, wajejen watan Mayu zuwa Yuni, sa'ad da ruwa ya zauna.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanko reshen da ya ƙosa, mai tsawon kamar taƙi ɗaya, a kafa rabinsa cikin ƙasa mai danshi.

Mai son shuka iri kuwa, sai ya jiƙa shi na 'yan kwanaki yana canza ruwan, saboda ɓawonsa na da tauri.

Kulawa

A shekarar farko tsiron na buƙatar ban ruwa da rani, da ɗan takin gargajiya, da kuma shinge saboda awaki. Da zarar ya kama ƙasa, yakan jure fari.

Idan sanyin hunturu ya sa ya zubar da ganye, ba mutuwa ya yi ba, zai sake tofowa da bazara.

Akan datse rassansa bayan an tsinke ganye, domin sabon tofo ya fi rini, tsohon reshe kuwa ƙaya yake yi. Mai son furanni sai ya bar wasu rassan ba tare da ya taɓa su ba.

A inuwa ake shanya ganyen kafin a daka, domin rana na rage masa ƙarfi.

Gargaɗin likitoci

Lalle na asali ja yake yi. Abin da ake kira baƙin lalle sau da yawa yana ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda kan haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje, har ma da tabo.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bishiya guda a tsakar gida ke da daraja, domin uwar amarya ta san abin da za a ƙunsa wa 'yarta ranar sa lalle.

Sai dai likitoci na gargaɗin kada a shafa wa jarirai ko da na asalin ne, saboda yana iya farfasa ƙwayoyin jinin waɗanda aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, larurar da ta yawaita a Afirka ta Yamma.