Jarrabawar lasisin malamai: abin da na gaya wa ƙanwata daren da sakamako ya fito

Daren da sakamakon jarrabawar lasisin malamai ya fito, ƙanwata ba ta ci tuwo ba. Bayan sallar isha'i na shiga gidanmu a Aboabo, cikin Kumasi, na tarar da Mma zaune a tsakar gida tana jan carbi, kwanon tuwon a rufe a gefenta. Ta ce, "Shiga ka ga 'yar'uwarka. Tun la'asar take ɗaki da waya a hannu, ta ƙi kula kowa."

Da na shiga ba ta ce komai ba, wayar kawai ta miƙo min. Takardu uku ta rubuta. Ta ci biyu, ta faɗi ɗaya. Sai da na gama dubawa ta ɗago kai ta ce, "Yaya, shi ke nan fa. Shekara huɗu a kwaleji ta tafi a banza. Don Allah kada ka gaya wa kowa, ko Mma."

Na zauna a bakin gado, na gaya mata abin da na shekara biyar ina ɓoyewa a gidan nan: ni ma na faɗi wannan jarrabawar a zamana na farko.

Ina cikin rukunin farko da suka rubuta ta a watan Satumba na 2018. Mu 28,757 ne a duk faɗin Gana, wajen kashi 74 cikin 100 suka ci. Ni ina cikin sauran. Takardar lissafi ce ta kā da ni. Da aka tambaye ni a gida sai na ce sakamakona bai fito ba tukuna, akwai matsalar kwamfuta. Na ci gaba da wannan ƙaryar wata da watanni, ina karatu a ɓoye cikin dare kamar mai aikata laifi, har na sake zama na ci. Yau ga ni ina koyarwa a makarantar gwamnati, babu wanda ya taɓa tambaya ta sau nawa na zauna kafin in sami lasisi.

Ƙanwata ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai Yaya? Kai da ake ba mu misali da kai?" Na ce ni ɗin dai. Ita ce ta sa na ɗauki biro yau, domin na san a Nima, da Sabon Zango, da Asawase, da zangunan Tamale da Techiman, akwai ɗakuna da yawa da aka rufe ƙofarsu a wannan daren.

Yadda ake cin jarrabawar

Hukumar NTC, wadda ke yi wa malamai rajista da ba su lasisi, ita ke shirya wannan jarrabawa. Dokar ilimi ta 2008 ce ta kafa hukumar, wata dokar ta 2020 ta ƙara mata ƙarfi. A taƙaice, shaidar kwaleji ko ta jami'a ita kaɗai ba ta isa ba. Hukumar GES ba ta ɗaukar sabon malami aiki sai da lasisi. Wanda bai samu ba, yawanci sai dai ya raɓa da wata ƙaramar makarantar kuɗi, inda albashin ba ya kai shi tsakiyar wata.

A zamaninmu takardu uku ne: Turanci, lissafi, da dabarun aikin malanta. Makin ci shi ne 50 cikin 100. Amma ga inda mutane da yawa ba su gane ba, har da iyayenmu: ba a haɗa makin takardun a raba. Kowace takarda da nata hukunci. Wanda ya sami 80 da 75 da 48 ya faɗi, duk da jimillarsa 203 ce. Wanda ya sami 52 da 51 da 50 ya ci, da jimilla 153. Ƙarfinka a takarda ɗaya ba ya ceton rauninka a wata. Na san abokan karatu masu kaifin kai da suka zuba duk ƙarfinsu a fannin da suka riga suka iya, suka bar wanda suke tsoro, shi kuwa ya jira su a ɗakin jarrabawa.

A 2023 aka sauya tsarin. Takardun suka ci gaba da zama uku, amma aka koma gwada ilimin aikin malanta na gaba ɗaya, da dabarun koyarwa a matakin da mutum ya ƙware a kai, ko ƙananan azuzuwa, ko firamare, ko JHS, ko SHS, sannan da ainihin darasin da zai koyar. Wato mai shirin koyar da kimiyya a JHS za a tambaye shi kimiyya. Wannan sabon tsarin ƙanwata ta rubuta. Mutum 20,181 suka zauna, 10,625 suka ci, 9,556 suka faɗi. Kusan rabi ke nan. Na nuna mata wannan lissafin na ce, ke da mutum dubu tara da ɗari biyar kuke cikin jirgi ɗaya, to ina abin ɓuya?

An kuma yi ta maganar ɗaga makin ci zuwa 70, maganar da ta tayar da hankalin ɗaliban kwaleji sosai. Shawarar da nake ba duk wanda ya zo wurina ita ce ya yi shiri kamar 70 ake nema. Wanda ya auna 50 daidai, tambaya ɗaya ce tsakaninsa da faɗuwa.

Sake zama

Abu na farko da ya kamata mai faɗuwa ya sani shi ne, takardar da ka ci ka ci. Ni lissafi kaɗai na sake rubutawa. Da na gaya wa ƙanwata haka sai na ga kafaɗunta sun sauka. A tunaninta duk aikin ya rushe, alhali kashi biyu cikin uku yana hannunta.

Abu na biyu, sake zama da kuɗi yake. A 2018 sidi 220 muka biya, yanzu kuwa kowa ya san inda farashin komai ya kai. Ga kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, ga wurin kwana in cibiyar tana nesa. A nan ne ɓoyewa take cutarwa. Wanda ya ce wa gida ya ci, ko ya ce sakamako bai fito ba, da wane baki zai nemi kuɗin rajista? Ni rance na ci a wurin wani abokina mai gyaran waya a Kejetia, na yi wata uku ina biya. Da na faɗi gaskiya, da kawuna ya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Abu na uku shi ne ya fi nauyi. A watan Mayu na 2023, mutum 7,728 suka sake zaman tsohon tsarin. Mutum 1,277 kaɗai suka ci, 6,451 suka sake faɗuwa, sama da kashi 83 cikin 100. Labarin ya cika gidajen rediyo, aka yi ta zagin malamai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗannan masu maimaitawa ne, wasunsu sun zauna sau da yawa. Darasin da na ɗauka a ciki: sake zama shi kaɗai ba magani ba ne. In ka koma da shirin da ya kā da kai, zai sake kā da kai. Ga kuma haɗarin jinkiri. Waɗanda suka yi ta ɗagawa a tsohon tsari sun wayi gari an sauya takardun gaba ɗaya. Tun 2018 ma kwalejojin malamai suka koma digiri na shekara huɗu a maimakon difloma ta shekara uku. Ƙa'ida ba ta tsayawa jiran kowa.

Ni da na zauna na binciki kaina, na gano ba lissafin ne ban iya ba. Kason ɗari da raba lamba duk na san su. Tambayoyin da ake rubutawa da dogon Turanci ne suka cinye min lokaci, ina karanta tambaya ɗaya sau uku kafin in gane me ake so. Da na gane ciwon, sai na riƙa ɗaukar tambayoyi ashirin kullum bayan sallar asuba, ina sa agogo a gabana. Abin da ya fisshe ni ke nan.

Mu 'yan zango da Turanci

Wannan matsalar ba tawa ce ni kaɗai ba. Yaron zango a Kumasi yana jin Hausa a gida, Tuwi a kan titi, Larabci a makarantar allo, Turanci kuma sai a aji. Harsuna goma sha ɗaya na gida gwamnati ta amince a koyar a makarantu, irin su Tuwi, Fante, Ewe, Ga da Dagbani, babu Hausa a ciki. Yaronmu yana fara karatun boko ne da harsuna biyu da ba na ɗakin uwarsa ba. Yana girma da baki huɗu, abin alfahari ne, amma karatun Turanci da sauri, a ƙarƙashin agogo, sau da yawa shi ne rauninmu.

Ban kawo wannan don ya zama uzuri ba. Takardar jarrabawa ba ta san daga wace unguwa ka fito ba. Na kawo shi ne don mu san inda za mu sa magani. Kuma abin ya wuce maganar albashin mutum ɗaya. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Islamiyya na GES suna buƙatar malamai masu lasisi da suka san yaranmu, waɗanda za su iya zama da uwa su yi mata bayani da Hausa dalilin da ya sa bai kamata a cire 'yarta daga aji a kai ta talla ba. Muna da kwalejoji irin Al-Faruq a Wenchi da Nusrat Jahan a Wa, ga Bagabaga a Tamale, yaranmu suna shiga suna fitowa. Duk wanda ya gama ya tsaya a bakin lasisi saboda kunya, aji guda na 'ya'yanmu ne ya yi asara. Musamman mata. Na san yadda ake yi: yarinya ta faɗi sau ɗaya, sai a fara cewa ai dama boko ba nata ba ne, a kawo maganar aure, zancen sake zama ya mutu. Aure alheri ne, amma bai hana rubuta takarda ɗaya ba.

Masu cewa a soke ta

Akwai masu ganin jarrabawar ba ta da amfani. Suna cewa mutum ya shekara huɗu ana gwada shi, ya yi koyarwar gwaji a aji, me zai sa takardar awa biyu ta hana shi aiki? John Dramani Mahama ma, kafin ya dawo mulki a 2025, ya yi alƙawarin soke ta, a haɗa tantancewar da jarrabawar ƙarshe ta kwaleji. Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Na ga malamai da suka ci da maki mai yawa amma ba sa iya riƙe aji minti goma, na kuma ga wadda ta faɗi sau biyu amma yara ba sa son a buga ƙararrawa in tana koyarwa.

Duk da haka, ni da na ɗanɗana faɗuwar, ba zan ce gwajin zalunci ne ba. Likita da nas da lauya duk sai sun sami lasisi kafin a damƙa musu mutane. Wanda za a damƙa wa yara arba'in ko hamsin ya kamata a tabbatar ya iya abin da zai koyar. Watannin da na yi ina gyara karatuna sun mai da ni malamin da ya fi na da. Ko an sauya wa gwajin suna ko lokaci, ba na jin za a daina auna malami. Don haka ina roƙon ƙannena, kada ku zauna jiran gawon shanu. Siyasa tana da lokacinta, rajista ma tana da nata, kuma ita rufewa take yi.

Abin da za mu iya yi

Ga wanda ya faɗi: buga sakamakonka a takarda ka adana, tare da lambobin sirrin da ka yi rajista da su. Bi sanarwar hukumar da kanka a shafinta na intanet, kada ka dogara da abin da ake turawa a WhatsApp. Duk wanda ya kira ka ya ce zai gyara maka sakamako in ka tura kuɗi ta waya, ɓarawo ne. Nemi wanda ya ci takardar da ka faɗi, ka zauna da shi. Ka faɗa wa gida gaskiya tun yau.

Ga mu da muka riga muka samu: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane zango yana da malamai masu lasisi, kowane masallaci yana da baranda da tabarma. Awa biyu ranar Asabar ba za ta kashe kowa ba. Mu huɗu mun fara a unguwarmu, kowa ya ɗauki fannin da ya fi ƙarfi. Ga iyaye da limamai da sarakunan zango kuma: yadda ake tara gudummawar biki da suna, a tara ta kuɗin rajista. Kuma in yaro ya zo ya ce ya faɗi, a tambaye shi wace takarda ce, kafin a tambaye shi me ya sa.

A daren nan dai, ni da ƙanwata muka fito tsakar gida tare. Ita ta fara faɗin nata, ni ma na faɗi nawa na shekara biyar. Mma ta ajiye carbi ta dube ni ta ce, "Kai kana tsammanin ban sani ba? Wa yake kashe maka fitila in barci ya kwashe ka a kan littafi?" Sannan ta tura wa ƙanwata kwanon tuwon ta ce, "Ci, uwata. Gobe ki gaya min nawa ne kuɗin."

Allah Ya ba masu sake zama sa'a, Ya sa albarka a cikin abin da za su koyar.