Yadda Ake Gane Faifan Asali a Kasuwar Kiɗan House da Techno

Kiɗan rawa na na'ura da ake kira house da techno ya tashi ne a hannun matasa baƙaƙen fata na biranen Shikago da Detroit a Amurka, cikin shekarun 1980. Ƙananan kamfanoni ne suka riƙa buga shi a faifan garmaho, kwafi kaɗan, domin masu saka kiɗa a gidajen rawa. Yawancin faya-fayan sun sha allura har sun ƙare, shi ya sa 'yan kaɗan da suka rage suka yi tsada. A 2014 an sayar da faifan gwaji na Caustic Window, aikin Aphex Twin na Birtaniya wanda ba a kai kasuwa ba, a kan dala 46,300 a eBay. Duk inda kuɗi ya kai haka, 'yan jabu ba sa nisa.

Kwali da takardar tsakiyar faifai abu ne mai sauƙin kwaikwaya, don haka masana ba sa dogara da su. Inda suke dubawa shi ne ɗan filin nan mai santsi tsakanin layin kiɗa na ƙarshe da takardar. A nan injiniyan da ya yanka uwar faifan yake karce lamba da alamarsa da hannu, kuma duk kwafin da aka buga daga wannan uwa sai ya gaji rubutun. Faya-fayan Detroit da yawa suna ɗauke da haruffan NSC, alamar ɗakin aikin Ron Murphy. Mai jabu yakan ɗauki sautin ya sake yanka, sai rubutun ya fito da wani hannu daban, ko ma babu shi.

Tsabtar faifai ma takan yaudari mai saye. Kamfanin Trax na Shikago, wanda ya fitar da faifan Acid Tracks a 1987, ya yi suna wajen narka tsofaffin faya-fayai ya sake bugawa, har akan ga ɓurɓushin takarda a jikin sabon. Saboda haka bugun farko na Trax yakan zo da ƙaraf-ƙaraf, wanda ya fito tas kuwa ya cancanci bincike. Wataƙila bugu ne na baya, halastacce, amma bai kai kuɗin na farko ba.

Shafin Discogs, wanda Kevin Lewandowski ya kafa a 2000 domin irin wannan kiɗa, yana tattara lambobin da ake karcewa a faifai bugu-bugu. Kafin ka biya, ka nemi mai sayarwa ya ɗauko maka hoton filin nan mai santsi a ƙarƙashin haske, ka gwada da na shafin harafi da harafi. Idan ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.