Saniya mai ciki a bazarar Garwa: ɗan tayi ba ya jiran damina

Daga Maris zuwa Afrilu zafi a Garwa yakan haura digiri 40, ciyawa ta ƙone, shanu su dogara da kara da ɗan abin da ya rage a bakin Binuwai. A wannan lokaci makiyayi yakan ware dusa da harawa domin saniyar da ake tatsa, mai ciki kuwa a ce ai ba ta ba da komai tukuna. A ganina nan kuskuren yake, kuma jininta ne shaida.

Saniya tana ɗaukar ciki kwana 280 da 'yan kai, amma kusan kashi biyu cikin uku na girman ɗan tayi a watanni ukun ƙarshe yake samuwa. Abincinsa sukari ne da furotin da kalsiyam, duk daga jinin uwa ta hanyar mabiyiya. Ga shi sukarin jinin saniya bai kai na mutum ba, don ba daga hanji take samun yawancinsa ba: ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinta ne ke narka ciyawa, hanta ta haɗa sukari daga abin da suka fitar. In kiwo ya gaza, ɗan tayi ba ya rage rabonsa nan da nan. Uwar ce ke narka kitsenta, hanta ta cika da maiƙo, sinadarin kiton ya taru a jini, cin abinci ya ragu. Ranar haihuwa kuma nono ya zo ya kwashi kalsiyam lokaci guda. Saniyar da ta kwanta ta kasa tashi, sau da yawa tun watanni biyu baya jininta ya fara kokawa.

Kanwa tana da amfani, haka ma ruwan gishirin Lahore da makiyayan Ngaundere suka daɗe suna kai shanunsu na Gudali su sha. Sai dai kanwa ba ta maganin ƙarancin fosfaras, wanda ke sa a ga saniya tana gwaguyar ƙashi a daji. Ƙulin angurya yana da fosfaras da furotin, kuma a Garwa kamfanin Sodecoton ke matse man angurya, inda ake samun ƙulin.

Abu guda ne uwa ba ta iya ba ɗanta ta jini: garkuwar jiki. Mabiyiyar saniya ba ta barin ta wuce, don haka maraƙi yakan faɗo duniya ba kariya. Dakashi ne ke ɗauke da ita, hanjinsa kuma yana tsotse ta sosai a awa shida na farko, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Ko rigakafin da cibiyar Lanavet ta Bokle ke haɗawa, in an yi wa uwa, ta dakashi amfaninsa ke isa ga maraƙi.

Makiyayi, in cikin saniyarka ya kai wata bakwai, ka sa ta cikin masu cin dusa da ƙuli tun yau. In ta haihu, bar wa maraƙi dakashin ya sha ya ƙoshi kafin a kawo ƙwarya.